Akwatin ajiya na gida da ƙofofin da ke buɗewa ba da saninka ba

A ƴan shekarun nan wani ƙaramin akwati ya fara shiga shagunan masu ɗaukar hoto, ofisoshin ƙungiyoyi, makarantu masu zaman kansu da ma wasu gidaje a Damagaram. Ana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, cikinsa akwai faifan ajiya biyu ko huɗu, ba shi da allo, ba shi da madannai. Sai a jona shi da waya a bayan rauta, wato na'urar nan da ke rarraba intanet, daga nan duk kwamfuta ko wayar hannu da ke kan wifin wurin za ta iya zuba masa kaya, ta kuma ɗiba. Masu sana'ar suna ce masa NAS. Waɗanda aka fi gani su ne na kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan, da na Western Digital. Wasu kuma ba su sayi akwatin ba, faifai kawai suka soka a ramin USB na rauta, ko suka mai da tsohuwar kwamfuta ma'ajiya. A wajen tsaro duk hukuncinsu ɗaya ne.

Abin da ke ciki shi ne abin dubawa. Hotunan biki da na suna na matan mutane, waɗanda ba a ɗauke su don idon kowa ba. Takardun fili da na gida, kwafin katin ɗan ƙasa, lissafin bashi tsakanin ɗan kasuwa da abokan hulɗarsa na Kano ko Agadas, sakamakon jarrabawar ɗalibai, takardun marasa lafiya. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: akwatin da ke riƙe da irin wannan amana bai kamata ya sami ƙofa ko ɗaya da ke kallon intanet kai tsaye ba. Mai son isa gare shi daga nesa akwai hanyar da zai bi, zan zo kanta. Matsalar ita ce da yawa daga masu akwatunan ba su san ko ƙofarsu a buɗe take ko a rufe ba, domin sau da yawa ba su ne suka buɗe ta ba.

Sai an gane aikin rauta kafin a gane sauran. Kamfanin da ke ba ka intanet yana ba rautarka adireshi guda, shi duniya ke gani. A cikin gida kuwa rauta tana raba wa kowace na'ura adireshi na cikin gida, galibi mai farawa da 192.168, wanda ba ya aiki a waje. Idan wayarka ta nemi wani shafi, rauta ce ke fita da saƙon, ta rubuta wa ya aika, idan amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Amma idan wani daga waje ya zo haka kawai ba a kira shi ba, rauta ba ta san wa za ta kai masa ba, sai ta yi watsi da shi. Kamar zauren gidan Bahaushe ne a Birni: na cikin gida suna fita suna dawowa, baƙo kuwa iyakarsa zaure, ba ya wucewa sai an ce ya shigo. Wannan tsari, da ake kira NAT, asalinsa ba don tsaro aka yi shi ba, an yi shi ne saboda adireshin tsohon tsari na IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne kacal, ba su isa na'urorin duniya ba. Amma a aikace shi ne ya kare miliyoyin gidaje.

Kowane adireshi yana da ƙofofi masu lamba, daga 1 zuwa 65535, kuma kowane aiki da ƙofar da ya saba tsayawa. Shafin sarrafa akwatin Synology yana kan 5000 da 5001, na QNAP kan 8080 da 443. Raba fayiloli irin na Windows, wato SMB, yana kan 445. FTP, tsohuwar hanyar aika fayiloli, na kan 21, SSH, hanyar ba na'ura umarni daga nesa, na kan 22. Mai akwati ba sai ya haddace su duka ba, amma ya kamata idan ya ga ɗaya daga cikin waɗannan lambobi a shafin rautarsa gabansa ya faɗi.

Hanyar farko da ƙofa ke buɗewa ita ce da hannu. Mai shagon hoto zai tafi ɗaukar biki a Mirriya ko Magarya, sai ya ce wa yaron da ke masa gyara: "Ɗan ƙanena, ina so in riƙa ganin hotunan nan a wayata ko ina nake." Yaron ya amsa, "An gama, Alhaji," ya shiga shafin rauta ya ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 5000 daga waje a kai shi wurin akwati. Aiki ya yi, Alhaji ya ji daɗi, ya yi masa alheri. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne rauta ba ta san fuskar Alhaji ba. Umarnin da aka ba ta bai ware kowa ba. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, wani saiti da ake kira DMZ, wanda a rautocin gida ma'anarsa a tura duk ƙofofi gaba ɗaya zuwa na'ura guda. Mai gyaran da ya gaji da lalube shi yake danna wa, tunda da shi komai sai ya yi aiki nan take.

Hanya ta biyu ta fi ba ni tsoro, domin babu hannun kowa a cikinta. Akwai wani tsari mai suna UPnP, da yawan rautocin gida suna zuwa da shi a kunne. Da shi kowace na'ura da ke cikin gida tana iya ce wa rauta "buɗe mini ƙofa kaza", rauta ta buɗe, ba tambayar kalmar sirri, ba sanar da mai gida. An yi shi ne don na'urorin wasa da na kiran bidiyo su yi aiki ba wahala. Sai ga shi akwatin ajiya ma yana amfani da shi: ranar da ake saita shi aka danna "ci gaba, ci gaba" ba a karanta ba, shi ke nan ya buɗe wa kansa hanya. Kyamarorin tsaro masu araha ma haka suke yi.

Da an yi wannan bayani, amsar da aka fi ji ita ce: to wa ya san ni? Ni da nake Zango ko Garin Malam, wane ɓarawon intanet ne zai bar bankunan Turai ya zo kaina? Gaskiyar magana ba wanda ya san ka, kuma ba a bukatar a san ka. Ba mutum ne ke zaune yana zaɓen wanda zai kai wa hari ba, manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna taɓa ƙofofi. Tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da wata manhaja mai suna ZMap, wadda ke iya zagaye dukkan adireshin IPv4 na duniya a kan ƙofa guda cikin ƙasa da awa ɗaya daga kwamfuta guda mai layi mai ƙarfi. Akwai kuma Shodan, shafin bincike da ke aiki tun 2009, wanda ba shafuka yake tarawa ba, na'urorin da ke jone da intanet yake tarawa. Mutum na iya tace sakamakon da sunan ƙasa da samfurin na'ura. Wanda ya taɓa buɗe littafin shige da fice na akwatin da aka bari a buɗe ya san yadda abin yake: layi bayan layi, daga ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, ana gwada sunan "admin" da kalmomin sirri iri-iri, da tsakar dare da tsakar rana.

Kuma ba zato ba ne, an sha gani. A 2014 wata manhajar garkuwa da bayanai, wato mai kulle fayiloli har sai an biya fansa, mai suna SynoLocker ta kulle akwatunan Synology da ba a sabunta ba. A watan Fabrairun shekarar, wasu sun shiga faifai sama da 12,900 da ke jone da rautocin Asus, abin da ya kai hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta tuhumi kamfanin har suka yi sulhu a 2016. A Afrilun 2021 Qlocker ta afka wa akwatunan QNAP, ta tattara fayilolin mutane ta ƙulle su da kalmar sirri, ta nemi 0.01 na kuɗin intanet na bitkoyin. A Janairun 2022 DeadBolt ta zo, ta mai da shafin shiga na akwatin takardar neman fansa, tana neman 0.03 na bitkoyin, wanda a lokacin ya haura jika 600 na sefa. Kamfanin QNAP da kansa ya fito ya ce wa masu kayansa su kashe UPnP su kuma cire tura ƙofofi. A Satumban shekarar DeadBolt ta dawo ta wata ɓaraka da ke cikin manhajar hotuna ta Photo Station, abin da ya kamata masu shagunan hoto su lura da shi musamman.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na My Book Live na Western Digital. A Yunin 2021 mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari suka tarar da faifansu fayau. Ba fansa aka nema ba, umarni kawai aka aiko daga nesa na a mai da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, ta kuwa bi umarnin ba ta tambayi kalmar sirri ba. Sabuntawa ta ƙarshe da kamfanin ya yi wa wannan samfuri tun 2015 ne. Darasin da ke nan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin kayan lantarkin da ke iso mu na hannu ne, sun riga sun ci shekarunsu a wani wuri kafin su zo kasuwa. A galibin waɗannan hare-hare ƙarfin kalmar sirri bai ceci kowa ba. Ɓarakar tana cikin manhajar akwatin ne, maharin bai ma bi ta wurin da ake tambayar kalmar ba. Shi ya sa nake cewa kalmar sirri mai kyau wajibi ce, amma ba ta isa dalilin barin ƙofa a buɗe ba.

Yanzu mu dawo gida, domin halin da muke ciki ya ɗan bambanta da na Bature mai layin waya har ɗaki. Yawancinmu intanet ɗinmu daga layin wayar hannu yake zuwa, ƙaramar rauta mai katin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. A irin waɗannan layuka kamfani yakan haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi guda na waje, tsarin da ake kira CGNAT. Ma'ana akwai wata babbar rauta a wurin kamfanin gaba da taka, kuma ba ka da iko a kanta. Ko ka tura ƙofa a taka rautar, baƙo daga waje ba zai iso ba. Gane haka ba wuya: shiga shafin rautarka ka duba adireshin da aka ba ta daga waje. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya saɓa da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka, to kana bayan CGNAT.

Wannan kariya ce ta gaske, amma ta aro ce. Ba kai ka gina ta ba, kuma tana iya gushewa ba a yi shawara da kai ba. Ranar da ofis ya sauya zuwa layin da ke da adireshin kansa, duk tsoffin ƙofofin da aka tura shekaru biyu da suka wuce, waɗanda ba su taɓa aiki ba har aka manta da su, za su fara aiki a ranar. Sannan ga IPv6, sabon tsarin adireshi, wanda a cikinsa kowace na'ura tana samun adireshinta na duniya, babu batun ɓuya a bayan na rauta. Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, a tsarinsa na gida yana sa mutane bayan CGNAT a IPv4, amma yana ba da IPv6. Wanda ya ɗora tasa rautar a kan irin wannan layi, abin da ke tsakanin akwatinsa da duniya shi ne katangar tsaro ta rautar kawai. Dole ya duba cewa tana hana shigowa ta IPv6 kamar yadda take yi a IPv4. Idan kuma ba ya bukatarsa a akwatin, ya kashe shi a saitin akwatin ya huta.

Akwai hanya ta uku da CGNAT ba ya tarewa sam. Kamfanonin sun san mutane na son isa ga akwatinsu daga nesa, sai suka yi tsarin da akwatin da kansa zai fita ya riƙe layi da kwamfutocin kamfanin, kai kuma ka bi ta can ka same shi. Na Synology sunansa QuickConnect, na QNAP myQNAPcloud. Ya fi tura ƙofa aminci, ban musa ba, kuma shi ne ke aiki cikin sauƙi a layukanmu. Amma duk wanda ya san sunan da ka ba akwatin, ko ya yi sa'ar cankarsa, zai iso shafin shigarka, kuma mutane sunan shagonsu suke sawa. A Oktoban 2024 masu bincike daga ƙasar Holan sun nuna wata ɓaraka a manhajar Synology Photos da ke ba da damar ƙwace akwati ba tare da mai shi ya danna komai ba, har da akwatunan da ake isa gare su ta QuickConnect. Kamfanin ya fitar da gyara cikin kwanaki kaɗan, amma gyara sai wanda ya sauke shi yake amfana.

To me za a yi? Aikin farko na rabin awa ne. A shiga shafin rauta, a kashe UPnP, a goge duk ƙofar da aka tura zuwa akwatin, a tabbatar DMZ a kashe yake, a kashe damar sarrafa rautar daga waje, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, wadda galibi a rubuce take a jikinta. A shiga akwatin shi ma a kashe saitin da ke ba shi damar saita rauta da kansa, a kashe FTP da SSH da Telnet, tsohon ɗan'uwan SSH, idan ba a amfani da su, a cire duk manhajar da aka sauke don gwaji aka bari. Bayan haka sai gwaji, kuma a nan ake yawan kuskure: gwaji daga cikin gida ba ya nuna gaskiya. Kashe wifi a wayarka, kunna data, sannan ka gwada isa ga akwatin ta adireshin waje. Idan shafin shiga ya bayyana, da sauran aiki. Wasu na ba da shawarar a sauya lambar ƙofa, a ce daga 5000 zuwa wata lamba mai nisa. Yana rage hayaniya a littafin shige da fice, amma mai bin ƙofofi duka zai same ta, don haka kada a lissafa shi cikin tsaro.

Mai bukatar isa daga nesa, hanyarsa VPN ce tasa ta kansa. Kada a haɗa ta da manhajojin VPN na kyauta da matasa ke saukewa don buɗe shafukan da aka toshe. Wannan wani abu ne daban. A nan ana nufin rami rufaffe tsakanin wayarka da gidanka, wanda ba ya buɗuwa sai ga na'urar da ke riƙe da makullin da kai ka ba ta. WireGuard, wani tsarin irin wannan VPN ɗin, yana da hali mai kyau: idan wanda ba shi da makulli ya ƙwanƙwasa, ba ya amsawa ko kaɗan, mai lalube ba zai ma san akwai wani abu a wurin ba. Sai dai shi kaɗai yana bukatar adireshin da ake iya isa daga waje, wanda da yawanmu ba mu da shi. A nan ne irin su Tailscale, da aka gina kan WireGuard, ke da amfani, domin suna haɗa na'urori ko da duka biyun suna bayan CGNAT, ba tare da an buɗe ƙofa ba. Shi ma dogaro ne da wani kamfani, kuma asusun da ka shiga da shi ya zama makullin komai, sai a tsare shi da kyau. Bambancinsa da QuickConnect shi ne baƙo ba ya ganin ko shafin shiga. Idan kuma abin da ake so kawai a aika wa amarya hotunanta ne, a ɗora su a wani wuri na dabam a aika mata, ba sai an ba ta hanya zuwa ma'ajiyar da ke da hotunan kowa ba.

Akwai masu cewa a hana akwatin fita intanet ma gaba ɗaya, ta hanyar toshe shi a rauta ko cire adireshin mafita daga saitinsa. Ina tare da su a yanayi biyu: idan akwatin tsoho ne da kamfani ya daina sabunta shi, ko kuma idan ajiya zalla yake yi ba a bukatarsa daga nesa. A sauran yanayi toshewar tana da farashi. Akwatin ba zai sami sabuntawa da kansa ba, sai ka sauke ta da hannu, kuma abin da aka bar wa "sai na samu lokaci" an san ƙarshensa. Ba zai aiko maka da saƙo ba idan faifai ya fara lalacewa. Agogonsa ma zai iya kaucewa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai amfani da lambar tabbaci ta biyu, wato lambar da waya ke nunawa a shigar bayan kalmar sirri, wadda ke sauyawa duk daƙiƙa 30: idan agogon akwati da na waya suka saɓa, lambar daidai ma sai a ƙi karɓarta. Ga akwatin da har yanzu ake sabuntawa, na fi son a bar shi ya fita, a hana shigowa.

Duk wannan maganar baƙon nesa ce. A Damagaram, a ganina, na kusa ya fi zama barazana. Kalmar sirrin wifi ba ta zama wuri ɗaya a garin nan. Ka ba ɗan yayarka, shi ya ba abokinsa, kuma wayoyin Android na yanzu suna nuna ta a hoton lambar QR da kowa zai ɗauka cikin ƙiftawar ido. Bayan isha'i ka leƙa waje ka ga samari jingine da katangarka, fuskokinsu na haske. Ba mugunta ta kawo su ba, data ce ta yi tsada. Amma kowannensu a wannan lokaci yana cikin gidanka ta fuskar na'ura, rauta ba ta tare shi, kuma idan akwai jakar fayil da aka bari a buɗe ga kowa zai gan ta. Hana maƙwabci ba halinmu ba ne, kuma ba sai an hana ba. Kusan kowace rauta tana da wifin baƙi, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin a ga na'urorin gida. Shi za a ba baƙi, da kwastomomin shago, da yara. A kansa kuma ya kamata a ɗora akwatunan talabijin masu araha marasa suna, tunda a Yunin 2025 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi cewa wasu irinsu suna zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta. Babban wifi kuma a sa masa tsarin kulle na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato saitin da ke jona na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba.

A cikin akwatin kansa, kowa da asusunsa, kowa da iyakarsa. A kashe asusun "admin" da na baƙo, a buɗe wani da sabon suna don sarrafawa kawai, kada a riƙa aikin yau da kullum da shi. A kunna lambar tabbaci ta biyu, a kunna toshe adireshin da ya yi kuskuren kalmar sirri sau da yawa. Yaron shago da aikinsa duba hotuna ne a ba shi ikon karantawa kawai. Dalili shi ne manhajar garkuwa ba lallai ta shigo ta intanet ba. Filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu, ko manhajar gyaran hoto ta sata da aka sauke, sun isa su kama kwamfuta, daga nan duk abin da kwamfutar ke da ikon rubutawa a akwatin za a kulle shi. A kashe SMB1, tsohon tsarin raba fayiloli, wanda ta cikinsa manhajar garkuwa ta WannaCry ta bi a Mayun 2017 ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila. Idan wata tsohuwar na'urar buga takarda ta ƙi aiki sai da shi, ita ce za a nema wa mafita. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki kuma, a rufe asusunsa a ranar, ko da rabuwar arziki aka yi. Masu makarantu da asibitoci su tuna cewa tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP don kula da su. Abin da ke akwatinsu haƙƙin wasu ne.

Saura abu ɗaya da masu sayarwa ke rikita mutane da shi. Za a ce maka akwatin faifai biyu ne, ɗaya na kwafin ɗaya, don haka ba ka da asara. Wannan tsari, RAID, yana cetonka ne kawai idan faifai ɗaya ya mutu. Idan aka goge fayil ko aka kulle shi, a faifan biyu lokaci guda abin zai faru. Abin da ke taimakawa shi ne, na farko, hoton halin fayiloli da akwatin ke ɗauka lokaci-lokaci, wanda ake iya komawa gare shi, kuma akwatuna da yawa na yanzu suna da shi sai dai ba a kunna ba. Na biyu, ƙa'idar da masu sana'ar ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ɗora gigabait ɗaruruwa a intanet da kuɗin datarmu ba kowa zai iya ba, don haka mafi dacewa a nan shi ne faifan USB da za a jona ranar Juma'a, a kwafa, a cire, a kai gida ko gidan ɗan'uwa. Faifan da ke cikin durowa ba a jone ba, babu maharin da zai taɓa shi daga nesa. A kulle shi da kalmar sirri saboda ɓata ko sata, kuma lokaci-lokaci a buɗe wasu fayiloli a gani ko suna buɗuwa.

Wannan kwafi yana maganin abin da ya fi maharan intanet yawan cinye bayanai a garinmu, wato ɗaukewar wuta, zafi da ƙura. Akasarin waɗannan akwatuna an yi su ne su yi aiki a wurin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun san inda ma'aunin ke kaiwa. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, a riƙa share ƙurar hunturu daga fankarsa, a jona shi da ondila, wato batirin da ke riƙe wuta, mai wayar USB domin idan wuta ta ɗauke ya kashe kansa a tsanake kafin batir ya ƙare. Kuma duk ranar da aka sauya rauta, ko aka danna maɓallin mai da ita sabuwa saboda ta rikice bayan ɗaukewar wuta, a sake shiga a duba UPnP, domin yakan dawo a kunne.